Wa Ya Koro Ku?

Bahaushe bai san gudu don nishaɗi ba. A wurinsa, duk wanda aka ga ya sheƙa a guje, to ɗayan biyu ne, ko dai ana bin sa, ko kuwa shi ke bin wani. Yara kaɗai aka ɗauke wa wannan hukunci, su yi tsere, su yi langa, ba mai ce musu kanzil. Amma a ce magidanci mai iyali, wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ya fito da sassafe cikin wandon wasa da kambas yana haki a bakin titi, alhali ba gobara ba ɓarawo, wannan kam abin a tsaya a duba ne. Shi ya sa ba mu yi mamaki ba ranar da wata tsohuwa mai ƙosai a bakin hanyar Jos, cikin garin Lafiya, ta ɗaga matsami ta tsai da mu, ta ce, "'Ya'yan nan, lafiya? Wa ya koro ku?"

Muka ce, "Lafiya lau, Iya, motsa jiki muke yi."

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Jikin da ke neman motsi, ai ga gona can tana jiran mai huɗa, ga doya a kasuwa tana jiran mai lodi. Allah ya kyauta." Muka yi dariya muka wuce, ba mu san tambayar nan tata za ta daɗe tana bin mu ba.

Mu goma sha ɗaya ne. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan ofis, da tela, da direban motar haya, da ɗalibai biyu daga Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011. Babbanmu wani malamin firamare ne da ya yi ritaya, muna ce masa Dattijo. Mutuwar wani abokinmu ce ta tara mu. Ya faɗi a kan kujerarsa ta ofis bai kai shekara hamsin ba, likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa bai sani ba. A wurin zaman makoki muka dubi juna, kowa da tumbi a gaba, kowa in ya hau bene hawa ɗaya sai ya dafa bango. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa gona, da ƙafa suke cin kasuwannin ƙauye. Mu kuwa tun da aka ɓalle Jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996, Lafiya ta zama babban birni, ofisoshi suka yawaita, sai zama ya zame mana sana'a. Daga gida sai bisa acaɓa, daga acaɓa sai kujera, daga kujera sai tabarma. Garin da Muhammadu Dunama da jama'arsa suka taka sayyada tun daga Borno suka kafa, sama da shekara 200 da suka wuce, ga shi jikoki ba sa iya zaga shi da ƙafa.

Da farko mun sha wuya, domin mun ɗauka gudu ƙarfi ne. Ran farko muka fizga daga filin wasa na gari kamar an sako dawaki, kafin mu kai mahaɗar hanyar Shendam rabinmu sun zube a bakin kwata, wani na riƙe da haƙarƙari, wani na kakarin amai. Sai daga baya wani ma'aikacin jinya ya koya mana ƙa'idar da muka riƙe har yau: in kana sassarfa ba ka iya yi wa na kusa da kai magana, to ka wuce ƙarfinka, ka sassauta. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya abin da ta nema ga baligi shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Muka koma gudu kaɗan tafiya kaɗan, muna ƙarawa sannu a hankali. Cikin wata uku, wanda da ba ya iya zaga fili sau ɗaya ya koma yin kilomita biyar ba tsayawa. Masu iya magana sun yi gaskiya da suka ce sannu ba ta hana zuwa.

Direbanmu ne sarkin labari. Shi ya ba mu tarihin Abebe Bikila, sojan Habasha da ya ci gudun yada-ƙanin-wani a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya kuma sake ci a Tokyo a 1964, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyata a ciki. Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195. Direba ya ce in aka ɗauko shi daga Lafiya aka shimfiɗa a hanyar Jos, sai mutum ya bar Nasarawa Eggon a baya ya doshi Akwanga kafin ya ƙare. Duk ranar da wani ya yi ƙorafin kambas ɗinsa ya fashe, sai Direba ya ce, "Bikila ma da wane ya ci?" Dole mai ƙorafi ya ja bakinsa.

Gudun ne ya kai mu ga kareti. Kullum in mun dawo fili mukan tarar da wani mutum siriri, mai ƙarancin magana, sanye da fararen kaya da baƙar ɗamara, yana koyar da samari huɗu ko biyar a gindin wata bishiya. Mu kuwa 'ya'yan silima ne. Mun tashi da finafinan da muke kira na Chanis, mun ga Bruce Lee, wanda ya rasu tun 1973, yana watsa ƙarti ashirin shi kaɗai, ba mu ma san abin da yake yi ba kareti ba ne, salon faɗan mutanen Sin ne. Muka je wurin mutumin nan da zumuɗi, kowa na ganin nan da sati biyu zai fasa bulo da hannu. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce mu tuɓe takalma mu tsince duwatsun da ke wurin. Ranar nan ba mu koyi komai ba sai tsintar tsakuwa da yadda ake tsayuwa.

Wata guda muka yi muna abu uku: tsayuwa, da taku, da kare duka. Da ƙorafi ya yi yawa sai Malam, don haka muke kiransa, ya zaunar da mu ya ba mu asalin abin. Ya ce kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, ma'anar kalmar kuwa hannu wofi, wato hannun da ba makami. Wanda ya kai shi babban yankin Japan malamin makaranta ne, Gichin Funakoshi, wanda aka haifa a 1868, ya nuna shi a Tokyo a 1922, ya rasu a 1957. Salonsa ake kira Shotokan, shi ne kuma Malam ya koya. Horon kashi uku ne: kihon, wato tushe, kata, wato jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai kamar yana fuskantar abokan gaba, sai kumite, wato karawa da abokin horo. Ya ce mu lura, kata ta farko da za mu koya da kariya ta fara, domin a koyarwar Funakoshi ɗan kareti ba ya fara kai hari. Tela ya ce, "Malam, ashe dai damben namu ya fi, can ai da ka shiga sai ka nemi kisa." Malam ya ce, "Ɗan dambe yana neman ya kai wani ƙasa. Ni kuwa wanda nake so ka kayar, da shi ka kwana, da shi ka tashi."

Har gardama muka yi a kan gaisuwa. Al'adar Japanawa ce a rusuna kafin a fara da bayan an gama, wasunmu suka ce su ba sa yi wa kowa ruku'u sai Allah. Malam bai ja ba. Ya ce abin da ake nema ladabi ne, kowa ya ɗora hannu a ƙirji ya sunkuyar da ido, ya wadatar. Haka muke yi har gobe. Ƙidaya kuwa da Japananci ake yin ta: ichi, ni, san, shi, go, roku, shichi, hachi, ku, ju. Akwai wasu almajirai da kan tsaya kallonmu da robobinsu a hannu, su suka fassara mana ita da kunnen Bahaushe. In Malam ya ce ichi, ni, san, shi, sai su amsa, "Icce, ni san shi!" In ya kai roku, shichi, hachi, sai su ce, "Roƙo, shi ci hatsi!" su fashe da dariya. Mu ma mukan yi dariyar. Ba mu taɓa tsayawa mun dubi ƙafafun masu yin ta ba.

Sai hunturu ya kama. Gaskiya sanyin Lafiya bai kai na Jos ba, bai kuma kai na Kano ko Katsina ba, gari ne mai zafi a yawancin shekara. Amma daga ƙarshen Disamba zuwa Janairu, in iskar arewa maso gabas ta kwaso ƙurar Sahara ta sauke mana, gari kan yi fari fat da hazo, leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, ruwan randa ya koma kamar an jiƙa ƙanƙara. A irin wannan lokaci ne ake gane masu niyya. Daga goma sha ɗaya mukan koma biyar, sauran bargo ya danne su. Don ya zaburar da mu, Malam ya ba mu labarin kangeiko, horon tsakiyar sanyi da Japanawa ke yi a watan Janairu. Suna fitowa tun duhun asuba, wasu har su shiga teku da kayan horonsu, ruwa iya ƙugu, suna kai naushi suna ƙidaya. Ya ce manufarsu mutum ya saba wa ransa yin abin da ya ɗaukar wa kansa ko da jiki ya ƙi.

Ɗaya daga cikin ɗalibanmu ya ce ai Turawa sun fi haka, su har kuɗi suke tarawa da shi. Ya nuna mana hotuna a wayarsa. A Coney Island ta birnin New York akwai ƙungiyar masu iyo a ruwan sanyi tun 1903, kowace ranar 1 ga Janairu jama'a kan bi su su faɗa Tekun Atilantika, abin da aka tara a ba mabukata. A Vancouver ta Kanada an fara irin wannan tun 1920. A jihohin Amurka da dama 'yan sanda kan shirya nasu don tallafa wa wasannin masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Ya tuna mana kuma da yayin da aka yi a 2014, lokacin da manya da yara a duniya suka riƙa juye wa kansu bokitin ruwan ƙanƙara, har wata ƙungiya guda a Amurka ta sami dala miliyan 115 don yaƙar wata cuta mai shanye jijiyoyi. Dabarar ita ce, mutum ya yi alkawarin shiga ruwan, 'yan'uwa da abokai su yi alkawarin kuɗi. Nan take muka ce mu ma za mu yi. Ga kogin Amba a hanyar Doma, ga almajirai na kwana a zaure ba mayafi. Mu yi gudu zuwa kogi, mu yi kata a bakin ruwa, mu faɗa, kuɗin da aka samu mu sayi barguna.

Malam ya yi shiru, sannan ya ce ya yarda bisa sharaɗi uku: a je tun jajibiri a duba wurin, a tafi da igiya, kuma duk mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a tudu. Muka ce mun ji. Amma hankalinmu duk yana kan tara kuɗi da neman wanda zai ɗauki hoto.

Wurin tara kuɗin ne muka gamu da tambaya ta biyu. Wani Alhaji mai sayar da riɗi da gyaɗa, da muka gama yi masa bayani, sai ya ce, "Tsaya, malamai, ban gane ba. Yaran nan suna jin sanyi?" Muka ce suna ji. Ya ce, "In kun shiga ruwa, nasu sanyin zai ragu?" Muka ce a'a, Alhaji, jawo hankalin jama'a ne. Ya ce, "To ni hankalina ya jawu tun da kuka ce yara ba mayafi. Ga nawa, ku saya musu. Ruwan kuwa ku bar wa kifi." Muka karɓa muka yi godiya, da muka fita muka ce Alhaji mutumin da ne, bai san zamani ba.

Ranar wata Asabar cikin Janairu, bayan sallar asuba, muka ɗauki hanyar Doma mu goma sha ɗaya cif, har da waɗanda bargo ya saba dannewa. Ba wanda ya je duba wuri, kowa ya ɗauka wani ya je. Igiya kuwa tana can bayan motar Direba, motar tana gareji. Muka isa kogi jikinmu ya yi zafi, gumi na tsattsafowa, gari bai gama wayewa ba. Abin da muka fara gani ya rage mana kuzari. Mun zaci mu ne za mu buɗe ruwan, sai ga mutane cike da shi. Masu ɗiban yashi suna ciki har ƙirji, suna nitsewa da kwanon sarki suna fitowa da shi a ka, suna tarawa a gaɓa kafin tifa ta zo. Mata na wanki a kan duwatsu, 'yan ga-ruwa na cika jarkoki. Wani saurayi baƙi, dogo, cikin yagaggen gajeren wando, ya dafa shebur ya ce, "Yallaɓai, fim za ku yi ne?" Muka ce sadaka za mu yi. Ya ce, "To Allah ya karɓa. Amma kar ku bi ta can, mun ci wurin." Ba mu tambaye shi abin da yake nufi ba. Ta can ɗin kuwa nan ne hoto zai fi kyau.

Muka jeru muka yi kata, Malam na ƙidaya, mata sun bar wanki suna kallo. Da aka zo shiga ruwa Malam ya dubi Dattijo ya ce, "Baba, kai ka riƙe mana kaya." Dattijo ya ce, "Malam, ni na fi kowa tara kuɗi. Yaran da na koyar ne suka ba ni, in ce musu na tsaya gadin takalma?" Dukanmu mun san yana shan maganin hawan jini. Maimakon mu goyi bayan Malam, sai muka tafa masa, har wani ya ce tsohon doki sai mai sani. Wannan tafi shi ne abin da ya fi damun mu har yau.

Ruwan Amba ko kusa bai kai na ƙanƙarar Turawa sanyi ba, amma ga jikin da ya yi gudu ya ɗau zafi, ji muka yi kamar an watsa mana allurai. Daga baya ne ma'aikacin jinyar nan ya yi mana bayanin abin da ke faruwa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Da zarar sanyi ya bugi fata farat ɗaya, mutum kan ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, numfashin ya riƙa fizga, jijiyoyin jini su tsuke, bugun zuciya da hawan jini su tashi lokaci guda. Minti na farko shi ne mafi haɗari, domin in wannan jan numfashi ya zo kan mutum na cikin ruwa, ruwa zai shaƙa. Abin da ya sami Dattijo ke nan. Muna tafe ruwa iya cinya, ya ƙara taku ɗaya, sai muka neme shi muka rasa. Ashe abin da saurayin nan ke nufi da sun ci wurin, rami ne suka bari inda suka kwashe yashi, zurfinsa ya shanye tsayin mutum.

A nan ne muka san iyakar abin da muka koya. Mu da ke gudun kilomita biyar ba haki, mu da muka haddace kata, muka tsaya cirko-cirko muna salati, domin a cikinmu ba wanda ya iya iyo. Kafin mu farga saurayin nan ya yar da shebur ya faɗa. Ya nitse, ya ɓullo ba kowa, ya sake nitsewa, sai ga shi da wuyan rigar Dattijo a hannu. Gefen ramin na zabtarewa, ya kasa samun wurin taka ƙafa, ya daka wa Malam tsawa, "Kai mai farin kaya, miƙo igiyar nan ta ƙugunka!" Baƙar ɗamarar da Malam ya yi shekaru kafin ya samu, wadda ko taɓa ta ba ma yi, ita ya kwance ya jefa, muka kama muka ja su biyun zuwa gaɓa. Masu yashi suka kwantar da Dattijo ta gefe, ya yi ta tari yana amayar da ruwa, jikinsa na kaɗawa kamar mazari. Wata mai wanki ta kwance mayafinta ta rufa masa. Mu da muka zo raba mayafi, mu aka fara yi wa sadakarsa.

Kwana biyu Dattijo ya yi a asibiti, Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Da muka je duba shi, uwargidansa ta amsa gaisuwarmu a bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malamai, sannunku da ƙoƙari. Ina da tambaya ɗaya. Da ya tafi, cikin bargunan nan wanne za ku kawo mini in rufa wa 'ya'yansa?" Ba wanda ya iya ɗaga kai. Malam ne ya ce, "Hajiya, laifina ne, na kafa sharaɗi ban tsaya a kansa ba." Muka ce ba nasa ba ne shi kaɗai, mu muka yi tafi.

Wani abin da ya ƙara kashe mana jiki shi ne, duk waɗanda suka yi alkawarin kuɗi sun cika, kuma ba ko ɗaya da ya tambaya ko mun shiga ruwan. Maganar Alhaji mai riɗi ta tabbata. Duk da haka ba za mu ce Turawa wauta suke yi ba. Su shigar ruwan ganga ce da suke kaɗawa don jama'a ta taru, kuma ba sa kaɗa ta sai sun tanadi masu ceto da motar asibiti a bakin gaɓa. Mu ma in za mu faɗi gaskiya, ba don ɗokin shiga ruwan ba da ba mu taɓa zagawa neman kuɗin bargo ba, ga shi kuwa shekara da shekaru muna wuce yaran nan. Kuskurenmu shi ne mun ari gangar ba mu tambayi yadda ake riƙe ta ba, kuma mun fi son a gan mu muna kaɗawa.

Da za mu kai kayan, Dattijo daga kan gadonsa ya ce kada mu sake yin gaban kanmu, mu fara tambaya. Muka je wata tsangaya da dare, muka tarar da yara kewaye da wutar kara suna karatu. Muka gaida malaminsu, muka ce, "Allah gafarta Malam, me yaran nan suka fi bukata?" Ya ce bargo yana da kyau, yara uku ma sa shiga ɗaya. Amma sanyin da ke kayar da su daga ƙasa yake tasowa, don a kan siminti suke kwana, kuma zauren ba ƙyaure. Ya kira wani yaro ya ce ya nuna mana ƙafarsa. Faso ya tsaga diddigen har yana jini. Muka gane shi, yana cikin masu ce mana roƙo, shi ci hatsi. Saboda haka muka rage yawan barguna, muka sayi tabarmi da silifa da man shafawa, Tela ya ɗinka labule mai kauri, muka sa kafinta ya kafa ƙyaure. Da mun bi son ranmu, da mun jibge musu barguna mun ɗauki hoto mun tafi, iska na ci gaba da shiga.

Saurayin nan mai yashi kuwa mun koma mun same shi da ɗan abin da muka haɗa. Ya ƙi karɓa, sai da muka haɗa shi da Allah. Muka tambaye shi yadda yake jure ruwan nan kowace safiya. Ya ce, "Yallaɓai, wa ya ce muku ina jurewa? In ban shiga ba, me za a ɗora a gida?" Ya ce abin da ya fi damun su ma ba sanyi ba ne, tsargiya ce, yawancinsu sun sha fitsarin jini. A nan muka fahimci cewa wahala iri biyu ce. Akwai wadda mutum ke zaɓa da kansa, ya sa mata lokaci, in ya gaji ya koma gida ya sha shayi. Wannan horo ce, tana da amfani, amma ba abin alfahari ba ce. Akwai kuma wadda ke zaɓar mutum, ba ta tambayar ko ya shirya. Mai irin ta farko, in yana son ya taimaki mai irin ta biyu, sai ya fara zama ɗalibinsa. Malam, wanda ya hana mu rusuna wa kowa, ya ɗora hannu a ƙirji ya daɗe a gaban yaron nan bai ce komai ba. Huɗu daga cikinmu, har da shi Malam, a hannun wannan saurayi suka koyi iyo, a wuri marar zurfi, da rana tsaka.

Ba mu bar gudu ba, ba mu bar kareti ba. Kareti ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021, aka cire shi a ta Faris a 2024, mu dai muna nan gindin bishiyarmu, ba mai fasa bulo a cikinmu, amma tumbi ya sauka, masu saurin fushi sun yi sanyi. Dattijo ya koma tafiya da sauri bisa shawarar likita, shi ke riƙe mana agogo. Duk hunturu mukan zaga da buhu mu tara tsofaffin rigunan sanyi, mu tambaya kafin mu saya, mu kai da dare ba mai ɗaukar hoto. Wanda kuma ke marmarin ruwan sanyi, Malam ya ce ga buta nan, ya tashi ya cika alwalar asuba da ruwan randa ba tare da ya tsallake gaɓa ko ɗaya ba, ladan wannan tun a makarantar allo aka gaya mana shi.

Iya mai ƙosai ta ji labarin abin da ya faru a kogi, don a Lafiya magana ba ta kwana. Da muka biyo ta gabanta bayan sati biyu sai ta sake ɗaga matsami, ta ce, "'Ya'yan nan, har yanzu ba ku gaya mini wanda ya koro ku ba." Direba ya ce, "Iya, kujera ce ta koro mu, mun ga ta cinye ɗan'uwanmu." Ta ce, "To wannan na ji. Wa kuma ya kora ku ruwa?" Muka yi shiru. Dattijo ya ce, "Wannan kam, son a sani ne." Ta gyaɗa kai, ta ƙunsa ƙosai mai zafi a takarda ta miƙa masa, ta ce ya ci a hanya, kuma kada ya ba mu ko ɗaya.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu san abin da za mu yi da ita, amin.